Zaren Bahaguwa

Rito Seco, ƙarshen Mayu, 1958

Ƙanwata Adelaida,

Gaisuwa mai yawa daga gida. Ina fata kina lafiya, kuma tarin nan da tururin ɗakin wanki yake sa ki ya lafa. Mu nan sai godiya. An gama askin tumaki, an sako ruwa zuwa gonaki, mijina Epifanio ya koma kiwonsa can Wyoming ya bar ni da gona da yara da Babanki. Na ce Babanki, don duk ranar da ya tashi da taurin kai naki ne, ba nawa ba.

Ga abin da ya zaunar da ni rubutu da rana tsaka alhali ciyawa na cin barkonona. Na kai Baba wurin likitan ido a Española. Ba yanar ido ba ce da za a cire. Likita ya ce jijiyar ce ke mutuwa. Idon hagu ya riga ya tafi, na dama kuwa in ya kai Kirsimeti an gode Allah. Na yi kuka a cikin motar wasiƙu tun daga can. Shi kuwa da muka haye gada sai ya juyo ya ce, "Baƙin gashi mun samu da yawa bana?"

Bargonki yake so ya saƙa, Lala. Kin san kowannenmu ya samu nasa ranar aure, ni da yayyenki maza. Na ce, "Baba, ai Lala ba ta yi aure ba." Ya ce, "Na jira mijin har na gaji. In ya zo daga baya ya shiga ciki, akwai fili." Ya ce ba zai shiga duhu ba alhali ɗaya cikin 'ya'yansa na kwana a bargon kanti.

Matsalar zare ce. Na ce a sayo, ya kalle ni da idon nan guda har na ji kunya. Gashin tumakinmu yake so, kaɗin hannu, fari da baƙi da shuni. Kin san masaƙarsa ba ta da faɗi, ɓari biyu zai yi a ɗinke a tsakiya, kuma kowane ɓari na cin zare kamar ba gobe. Ni kaɗai ce mai kaɗi a gidan nan tun rasuwar Inna, ga gona, ga yara. Amma zan yi. Ko barkonon zai mutu, zan yi.

Ba roƙonki nake ba, labari nake ba ki, don na san kaɗi ba aikinki ba ne. Ki dai sa shi a addu'a.

Yayarki,
Crisanta

Denver, Yuni

Yaya Crisanta,

Na samu wasiƙarki, na gode. Lafiyata ƙalau, tarin ya yi sauƙi tunda aka mai da ni wajen guga. Ki gaishe da yara. Ki riƙe mini hannun Baba ki ce ina gaishe shi da kyau.

Na karanta a tsaye a bakin ƙofa, sannan na zauna a kan matakala ina kuka har matar gidan da nake haya ta leƙo. Da na share ido na sake karantawa, sai na iso wurin da kika ce kaɗi ba aikina ba ne. Nan kukan ya tsaya cak. Wa ya gaya miki?

Gaskiya ne Inna ta gwada koya mini, ta ga da hagu nake ɗaukar mazari, ta buge hannun har ta gaji, ta ce in je in tsinci wake. Na ɗauki farantin na zauna a gabanta, idona na kan yatsunta, ba kan waken ba. Shi ya sa kuka yi ta tauna tsakuwa a shekarun nan. In na fita da tumaki kuma sai in tsinci gashin da ya maƙale a shinge, in kaɗa da tsinke da ɗanyen dankali a gindinsa. Ba wanda ya tambaye ni, ni ma ban faɗa ba.

Na sa mai gyaran kujerun asibitin da muke wa wanki ya feƙe mini mazari daga sandar tsintsiya. Ya ce, "Me za ki yi da wannan, kashe ɓera?" Na ce masa ya yi aikinsa kawai. Ki aiko mini gashi, Yaya, wanda kika wanke kika shiɓa, da yawa. Ina tashi aiki da sauran rana, kuma Lahadi tawa ce bayan coci. Bargona ne. Ba zan zauna a Denver ina guge zanen gadon mutane ba, ke kina can kina kashe yatsunki a kaina.

Kada ki tsaya shawara. Ki ba motar wasiƙu.

Ƙanwarki,
Lala

Rito Seco, Yuli

Lala,

Gaisuwa. Muna lafiya, sai dai ƙanƙara ta zubo ta yayyaga mana ganyen masara, amma za ta farfaɗo. Baba na cin kununsa na shuɗiyar masara yana faɗa da kowa, wato lafiyarsa lau.

Zarenki ya iso. Na ja shi da ƙarfi don ya tsinke in samu abin faɗa, ya ƙi. Na nemi kumburi ko inda ya sirance, babu. Abin ya ɓata mini rai ƙwarai. Maƙwabciyarmu Doña Ruperta ta shigo aron gishiri ta ga dunƙulen a kan tebur, ta ce, "Kai, Crisanta, hannunki ya ƙara kyau." Ban gyara mata ba, kuma ba zan gyara ba.

Na haɗa naki da nawa, na jefa farin a tukunyar shuni, ya fito tas. Yanzu haka suna rataye a igiya bayan ɗaki, ko ni ba zan ce ga naki ga nawa ba. Baba ya gama wadari da zaren da na tufka masa, ya ɗaura, gobe zai hau. Ya sa mun jawo masaƙar zuwa bakin taga. Da kin ga yadda yake karkata kai yana neman zare da idon dama, da kin yi dariya, sannan kin fita waje kin yi kuka. Ni haka nake yi.

Wani buhun gashi na nan tafe. Ki ce wa matar gidanku in warin tumaki ya dame ta ta toshe hanci, mu da shi muka girma ba mu mutu ba.

Crisanta

Rito Seco, Agusta

Adelaida,

Ina fata kina lafiya. Mu ma da sauƙi. Ba zan ja gaisuwa ba yau.

Ta wane ɓangare kike juya mazari?

Baba ya saƙa wajen kamu uku. Na shigo da safe da abincinsa, rana ta faɗo ta taga kan saƙar, sai na ga zane inda ba a sa zane ba. Shunin da ya fito daga tukunya ɗaya ya rabu biyu, wani layi da haske, wani da duhu. Baƙin ma haka. Gefen kuma ya fara nannaɗewa. Na ce a raina ai ba ya gani. Ashe ya riga ni sani. Yana ta shafa wurin da tafin hannu, ya ce, "Akwai hannu biyu a cikin bargon nan, kuma ba sa ga maciji da juna."

Ya sa na kawo dunƙulen duka. Ya riƙa murza kowanne tsakanin yatsu yana warewa, wannan nan, wannan can. Nawa murɗinsa na hawa dama, kamar na Inna, kamar na kowace mace a kwarin nan. Naki hagu yake hawa. In suka kwanta kusa da juna a saƙa, ɗaya ya karkata nan, ɗaya ya karkata can, haske ya faɗa musu daban. Wa ke duba murɗin zare, don Allah? Tunda nake ban taɓa ganin wanda ya juya mazari baya ba. Kin zauna gaban Inna kina kwaikwayo da hagu, kin kwashe komai a juye.

Ya warware duka, Lala. Aikin da ya ci masa mako da makonni, da idon da ba shi da na ɓatarwa. Ya hana ni taimaka masa. Da ya gama ya zauna a kan benci da dunƙulenki a cinya, hawaye na bin gemunsa. Rabona da ganin haka tun ranar da aka binne Inna.

Kada ki ƙara aiko zare sai kin ji daga gare ni. Zan kaɗa abin da ya rage ni kaɗai, ko da yatsun za su zube.

Crisanta

Rito Seco, Satumba

Lala,

Gaisuwa. Kina raye? Mai motar wasiƙu ya fara tausaya mini, da ya hango ni a bakin hanya sai ya girgiza kai tun daga nesa. Yara lafiya, an fara ɗaure barkono a jikin bango.

In fushi kike yi, ki yi shi a takarda in gani. In ciwo ne, ki sa wani ya rubuto. Ina da tsoho ɗaya mai gardama a gidan nan, ba ni da ƙarfin ɗaukar na biyu daga Denver. Idon na raguwa. Jiya ya gaida rigar Epifanio da ke rataye a ƙusa, ya tambaye ta yaushe ta dawo.

Ki amsa mini.

Crisanta

Denver, ƙarshen Satumba

Yaya,

Ina raye, lafiyata ƙalau. Ki gaishe da yara. Baba kuwa ban san da wane baki zan ce ki gaishe shi ba.

Ba fushi ba ne. Kunya ce. Na zauna in rubuta miki ya fi a ƙirga, in na kai "Yaya" sai in ga Baba a kan benci yana kuka saboda ni, in ajiye alƙalamin. Mutum yana tsere da duhu, ni kuma na sa masa ƙafa. Da na yi zamana da gugata kamar yadda kika ce tun farko, da yanzu ya kusa gama ɓari ɗaya.

Amma kada ki ɗauka na nannaɗe hannu. Na gwada juya mazarin ta ɗaya ɓangaren da hagun, yatsun suka ƙi, suna komawa inda suka saba. Sai na ɗaure hannun hagun a ƙuguna da tsohuwar safa, na ce wa na daman yau sai ka koya. Matar gidan ta shigo ta same ni a haka, ta ja da baya a hankali, ta tambaye ni ko ta kira mini Fada, limamin coci. Na ce mata Fada bai iya kaɗi ba.

Zaren da ke fitowa ba shi da kyaun gani. Nan kauri, nan siriri, in kika ja ya rabu. Na lalata kusan rabin buhun da kika aiko, ki yafe mini wannan ma. Amma na wannan makon ya fi na wancan. Ba zan aiko ko sili ɗaya ba sai ya yi daidai da naki, murɗin dama, yadda ba zai ƙara sa shi warwara ba. Ki ba ni zuwa ƙarshen Oktoba. Hannun nan zai koya ko ya karye.

In akwai hali, ki ce masa ban yi da gangan ba. Ban san akwai dama da hagu a zare ba. Ba wanda ya taɓa duba nawa balle ya gaya mini.

Lala

Rito Seco, Oktoba

Lala, sakarya,

Gaisuwa, muna lafiya, dusar ƙanƙara ta sauka a kan duwatsu. Kwance hannun nan. Yanzu, kafin ki karanta layi na gaba. Kin kwance?

Na karanta wa Baba wasiƙarki. Da na zo wurin safa ya buga sandarsa a ƙasa har kare ya fita da gudu. Ya ce, "Wa ya ce mata don ɓarna na yi kuka? Warwara ta taɓa kashe masaƙi? Na riƙe zare mai kyau irin wannan, na gane 'yata ta koya ita kaɗai a bayan shinge, ina cikin gidan ban sani ba. Ke kuma kika rubuta mata me?" Ni dai abin da na gani na rubuta. Ban san dole sai na bi hawaye na tambaye su daga ina suke ba.

Ga abin da ban gaya miki ba, don ina ta faɗa da shi a kai ina sa ran zan ci. Tun ranar da ya warware ya ce da zarenki kaɗai zai saƙa. Nawa ya tsaya a wadari, inda ba a ganinsa, amma duk abin da zai bi ƙoshiya sai mai murɗin hagu. Ya ce bargon bahaguwa ne, ya bi hannun mai shi. Ya saƙa wanda kika aiko har ya ƙare, bai kai rabin ɓari ba. Na tara masa nawa a kwando, wanda zai isa har ƙarshe, na ajiye a gefen ƙafarsa. Ko taɓawa bai yi ba. Kullum sai ya zo ya tsaya a masaƙar da ƙoshiya babu zare, rana na wucewa ta taga. Na yi lallashi, na yi masifa, na turo masa Fada. Ya ce da Fada, "Kai ma in an ce ka karanta addu'a daga ƙarshe zuwa farko za ka yarda?" Fada ya sha kofinsa ya tafi.

To, ya ci. Ki kaɗa da hagunki, ki aiko duk abin da ya samu, ko dunƙule ɗaya ne, kada ki jira ya taru. Buhu biyu na hanya.

Ke kaɗai ba za ki iya ba kafin idon ya rufe, na auna na gani. Don haka ni ma na koma 'yar koyo. Da furfurata nake zaune ina juya mazari baya, yana kuɓucewa yana gangarawa ƙarƙashin murhu. Doña Ruperta ta tsaya a ƙofa tana kallo, ta ce, "Crisanta, ko dai tsufa ya fara taɓa ki?" Na ce, "Ya fara, kuma yana yaɗuwa, ki matsa." Na farko da na kai wa Baba ya murza ya ce igiyar ɗaure akuya ce. Na jiya ya murza ya daɗe, sannan ya ce, "Ya kusa kamo na Lala." Kin ji inda duniya ta kai ni.

Yayarki,
Crisanta

Denver, Nuwamba

Yaya,

Gaisuwa a gurguje. Ina lafiya, sai babban yatsa da ya tsage, na naɗe shi da tsumma. Ga dunƙule huɗu, baƙi biyu, fari biyu na rini. Wasu na biye ranar Litinin.

Na roƙi shugabar ɗakin wanki ta bar ni in riƙa zuwa da mazarin. Lokacin cin abinci ina kaɗi a bayan tukunyar tururi, matan da muke aiki tare suna ba ni burodi a baki. Biyu daga cikinsu sun koyi naɗe mini dunƙule. Sun ce in an gama sai an kawo bargon sun gani da idonsu, ko da gaske akwai tsohon da ya fi ni taurin kai.

Ki ce wa Baba na kwance hannun. Ki ce masa kada ya jira ni da ƙoshiya babu komai, ina bayansa.

Lala

Rito Seco, Janairu, 1959

Ƙanwata,

Barka da sabuwar shekara. Ina fata yatsan ya warke. Yara lafiya, Epifanio ya zo hutu ya cika mana gida da labarin kyarketai. Hanya ta toshe da dusar ƙanƙara, shi ya sa kika daɗe ba ki ji ni ba.

An gama saƙa, Lala. Amma ki zauna tukuna.

Ɓari na farko ya sauke shi da idonsa. Ya ɗaura na biyu, ya yi kamar kamu biyu, sai wata safiya kafin Kirsimeti ya ce mini in buɗe labulen taga. Labulen a buɗe yake. Na tsaya riƙe da kofinsa. Ya gane. Ya ce, "To. Kawo ni wurin masaƙa."

Haka muka yi sauran. Shi a tsaye yana taka itatuwan masaƙar yana bugawa, ni a gefe ina miƙa masa ƙoshiya ina faɗin launi, ina auna faɗin kowane zane da igiyar da ya ƙulla tun yana gani. Ƙafafunsa sun kumbura har takalmi ba ya shiga. Na ce ya huta, ya ce zai huta da yawa nan gaba.

Da aka sauke na shimfiɗa ɓarin biyu a ƙasa gefe da gefe. Daga sama zanen sun haɗu kamar an ja su da layi ɗaya. Daga inda idon ya tafi suka fara zamewa, kaɗan kaɗan, don bugunsa ya ƙara nauyi ni kuma ban lura ba. A ƙasa shuni na wannan ɓarin ya wuce na wancan da faɗin yatsa biyu. Kin san a kwarin nan da wannan ake auna masaƙi, kuma ba a taɓa ganin bargon Babanmu Don Onésimo da zanensa bai haɗu ba.

Ya durƙusa yana shafawa. Amma yanzu zaren duka murɗi ɗaya ne, yatsunsa ba sa gaya masa ina shuni ya ƙare ina baƙi ya fara. Ya ɗago fuska ya ce, "Sun haɗu?" Na ce bari in duba tumaki, na ji kamar kare na haushi. Na tsaya a garke har sanyi ya kore ni.

In na faɗi gaskiya zai ce a warware, kuma ƙafafun nan ba za su ƙara ɗaukarsa ba, zai faɗi a kan masaƙar. In na yi ƙarya, ban taɓa yi masa ba, kuma yanzu ba shi da ido sai nawa. Kullum sai ya tambaya. Na ce masa mai bargo ce za ta duba kayanta. Ya ce to ba za a ɗinke ba, ba za a kuma ba motar wasiƙu ba, sai kin zo.

Ki zo, Lala. Wannan karon roƙonki nake.

Crisanta

Denver, Fabrairu

Yaya Crisanta,

Na iso lafiya, motar ba ta tsaya a hanya ba. Ina fata kumburin ƙafar Baba na ci gaba da sauka. Ki gaishe da Epifanio da yara. Matan ɗakin wanki sun ga bargon, sun yi ta shafawa, ɗaya ta yi kuka ba ta ma san Baba ba.

Kin raka ni bakin hanya ba ki ce mini komai ba sai "ki kula da jakarki." Na san abin da ke ranki. Kin fita ɗebo itace, kin dawo kin tarar muna ɗinki yana murmushi, kika ɗauka na yi masa ƙaryar da kika kasa. Ban iya yi miki bayani a gabansa ba, a bakin hanya kuma ga mutane. To ga yadda aka yi.

Kina fita ya ce, "Ta tafi? To ke gaya mini. Yayarki in ta buɗe baki sai kare ya yi haushi. Sun haɗu?"

Na ce, "A sama sun haɗu, Baba. A ƙasa ba su haɗu ba."

Ya ce, "Da nawa?"

Na kama hannunsa na ɗora yatsunsa biyu a wurin, ɗaya inda shunin wannan ya tsaya, ɗaya inda na wancan ya tsaya. Ya daɗe a haka. Sannan ya ce, "Taimaka mini in tashi. A mai da shi kan masaƙa."

Na ce, "A'a."

Ya ce, "Ni kike ce wa a'a?"

Na ce, "Bargon wane ne?"

"Naki."

"Ka ba ni, ko har yanzu kana shawara?"

"Na ba ki."

Na ce, "To ba a warware kayan mutane."

Ya yi tsaki. Ya ce za a ce Onésimo ya tsufa ya saƙa karkataccen bargo, Ruperta za ta kai labarin har Española. Na ce, "Za a ce. Duk wanda ya faɗa, zan shimfiɗa masa shi in nuna masa daidai layin da idonka ya tsaya. Sannan in sa shi ya auna da hannunsa abin da ka saƙa bayan nan."

Yaya, ban taɓa yi masa magana haka ba. Na ɗauka ya yi fushi. Can sai ya lalubo gefen ɓarin biyu ya haɗa su a cinyarsa, ya ce in zura allura. Na fara ɗinki, ina ɗan jan ɓarin da ya gaza don zanen su matso kusa. Ya ji a hannunsa nan take. Ya buge mini yatsu, ya ce, "Kada ki ja. Ɗinka shi yadda yake."

Abin da kika tarar ke nan da kika shigo da itace. In ya sake tambayarki, kada ki tafi duba tumaki. Ki ce masa yatsa biyu ne. Ya sani, so yake kawai ya ji daga bakinki ke ma.

Ƙanwarki,
Lala